Yadda Manhajar Ɓoye Bayanai ke Gane Mataimakanta

Annobar gubar dalma da ta auka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum a shekarar 2010 ta sa an tara sakamakon gwajin jinin dubban yara. Irin waɗannan bayanai amana ce, kuma idan suna cikin kwamfuta, manhajar ɓoye bayanai ce garkuwarsu. Sai dai manhajar tana dogara da wasu ƙananan manhajoji masu taimaka mata.

GnuPG, wadda Werner Koch ya ƙirƙiro a 1997, kyakkyawan misali ce. Tun daga fitowar 2.1 a 2014, mabuɗin sirri yana hannun gpg-agent, shi kuma yakan kira pinentry domin karɓar kalmar sirri. Da a ce da suna kawai ake neman mataimaki, mugu zai iya dasa na jabu mai suna iri ɗaya inda kwamfuta ke fara dubawa, ya sace kalmar.

Saboda haka GnuPG kan bi cikakken adireshin da aka ƙayyade mata tun lokacin gina ta, wanda gpgconf ke bayyanawa. Saƙonninta da gpg-agent kuwa suna bi ta kafar da mai asusun kaɗai ke da izinin buɗewa.