Yawan Zufa Lokacin Cin Abinci: Abin da Mai Juna Biyu da Iyalinta Ya Kamata Su Sani

 Cikin tambayoyin da ake yawan yi mana a ɗakin awon ciki akwai batun zufa. Mace za ta ce da ta kai loma biyu ko uku sai gumi ya keto mata a goshi da wuya, har ɗankwali ya jiƙe, ta rasa inda za ta sa kanta. Wasu kan ji kunyar faɗa, wasu kuma a gida an riga an ce musu alamar jaririn namiji ne, ko kuma zaƙi ne ya yi yawa. Zufa ba ta nuna jinsin jariri. Mafi yawan lokaci ba ta da wata illa, amma akwai irin da ke nuna ciwon da bai kamata a zauna da shi a gida ba. A nan za mu bi dalilan ɗaya bayan ɗaya domin ki gane naki.

Me ya sa mai ciki ta fi kowa jin zafi?

Zufa hanya ce da jiki ke sanyaya kansa. Idan ƙwaƙwalwa ta ji zafin jiki ya ɗaga, sai ta aika saƙo ta jijiyoyi zuwa fata, ruwa ya fito, iska ta busar da shi, jiki ya huce. Mai juna biyu kuwa tun kafin ta ci komai jikinta yana aikin mutum biyu. Jininta yana ƙaruwa da kusan rabin abin da take da shi a da, zuciyarta tana bugawa da ɗan sauri, kuma jini mai yawa yana bi ta fatarta. Sinadaran ciki su ma suna ɗan ɗaga zafin jiki. Saboda haka abin da a da ba ya sa ki gumi, yanzu kaɗan ya isa, musamman a watanni uku na ƙarshe da kuma lokacin bazara.

Abincin da ke sa zufa ga mai lafiya

Na farko shi ne yaji. Barkono da attarugu suna ɗauke da wani sinadari da ake kira kafsaisin. Wannan sinadari yana taɓa jijiyoyin baki waɗanda aikinsu shi ne jin zafin wuta, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka jiki ya yi zafi da gaske, ta saki gumi a fuska da kai da wuya, hanci ma ya riƙa zuba. Citta da masoro su ma suna yin irin wannan, ko da yake ba su kai barkono ƙarfi ba.

Na biyu shi ne zafin abincin kansa. Koko ko kunu da aka sauke yanzu, ko farfesu yana tururi, ko shayi mai zafi a ɗakin da ba iska, duk za su sa gumi.

Na uku, narkar da abinci aiki ne da ke haifar da zafi a jiki. Nama da kifi da ƙwai sun fi tuwo da shinkafa buƙatar wannan aiki, shi ya sa wanda ya cika ciki da tsire ko balangu yakan ji zafi daga baya. Wannan ba dalilin barin nama ba ne, domin ke da jaririnki kuna buƙatarsa. A dai rage yawan da ake ci a zama ɗaya.

Na huɗu shi ne sinadarin kafin da ke cikin goro da kofi da shayi da lemukan ƙara kuzari. Yana sa bugun zuciya da gumi da rashin barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa mai juna biyu da ke shan fiye da miligiram 300 na kafin a rana ta rage. Mu a nan muna cewa goro ya zama na ɗanɗano kawai, lemukan ƙara kuzari kuma a bar su sai an sauka.

Alamar zufar da ba ta ciwo ba ita ce: tana zuwa a ɓangarorin fuska biyu daidai, kin san abin da kika ci da ya jawo ta, tana tsayawa jim kaɗan bayan kin gama, kuma ba jiri ba makyarkyata.

Faɗuwar suga a jini

Wannan shi ne wanda muka fi so ki lura da shi. Zufarsa mai sanyi ce, tana zuwa da rawar hannu, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, jiri, wani lokaci gani ya dushe. Ba ta zuwa a lokacin da ake cin abincin, sai bayan awa biyu zuwa huɗu. Yadda abin yake faruwa shi ne, idan aka sha abu mai zaƙi da yawa a kan cikin da ba komai, kamar lemon kwalba ko zoɓo mai suga ko shayi da burodi zalla, suga yakan hau da sauri. Jiki sai ya saki sinadarin insulin da yawa don ya sauke shi, har ya wuce gona da iri, suga ya faɗi ƙasa.

Matan da suka fi shiga wannan haɗari su ne masu ciwon suga da ke yin allurar insulin ko shan wasu ƙwayoyin rage suga, musamman idan sun yi allura ba su ci abinci a kan lokaci ba, ko amai ya hana abincin zama. Idan kina da na'urar gwaji a gida kika ga lamba ƙasa da 70, ko ƙasa da 3.9 a na'urar da ke ƙirga da ƙananan lambobi, suga ya faɗi. Ki jiƙa suga cokalin shayi uku zuwa huɗu a ruwa ki sha, ki jira minti 15, ki sake gwadawa. Idan kin dawo daidai sai ki ci abinci sosai. Maigida da uwar miji su riƙe wannan: idan ta suma ko ba ta gane mutane, kada a ɗura mata komai a baki, domin zai iya shiga huhu. A kwantar da ita ta gefen hagu, a kawo ta asibiti nan take.

Ciwon suga da ya daɗe

Idan ciwon suga ya yi shekaru ba a daidaita shi ba, yakan lalata ƙananan jijiyoyin da ke kula da gumi. Mai irin wannan matsala da zarar ta fara tauna, kowane irin abinci ne, ko ba yaji, sai gumi ya wanke mata fuska da kai da wuya har ƙirji. Sau da yawa akwai jin ƙafafu kamar ana tsira allura ko sun mutu, kuma ƙoda kan iya taɓuwa. Idan kina da ciwon suga tun kafin ciki kuma kina ganin haka, ki faɗa wa likita don a duba ƙodarki da idonki.

Ciwon sugan da ciki ke kawowa dabam yake. Bai cika zuwa da wata alama ba, gwaji ne kawai ke nuna shi. Ana yin gwajin tsakanin mako na 24 zuwa na 28: za ki zo ba ki karya ba, a ɗebi jini, a ba ki ruwan suga mai giram 75 ki sha, a sake ɗiba bayan awa ɗaya da bayan awa biyu. Wadda ta taɓa haihuwar jariri mai kilo 4 ko fiye, ko ta taɓa haihuwa ba rai, ko akwai ciwon suga a iyayenta, ko tana da ƙiba sosai, akan yi mata tun da wuri. Kada ki ce tunda ba ki jin komai ba sai kin yi ba.

Ciwon maƙoƙo

A gaban wuya akwai wani ƙullutu da ke sarrafa saurin aikin jiki, shi ne ke kumbura a ce mutum yana da maƙoƙo. Idan ya yi aiki fiye da kima, mace takan riƙa gumi dare da rana, cin abinci kuma ya ƙara shi. Za ta ci da yawa amma tana ramewa, zuciya na bugawa ko tana zaune, hannu na rawa, wani lokaci idanu su firfito. A farkon ciki, musamman ga mai laulayi da amai mai tsanani, wannan ƙullutu kan ɗan zabura ya kuma lafa da kansa a tsakiyar ciki. Amma gwajin jini ne zai raba wanda zai lafa da wanda ke buƙatar magani. Barinsa ba magani na iya jawo ɓari, haihuwar bakwaini ko hawan jini.

Zufa a kunci ɗaya kawai

Akwai wani yanayi da ba a cika gani ba, inda kunci ɗaya, daga gaban kunne zuwa gefen goshi, ke yin ja da gumi da zarar an fara cin abinci, ko ma an ji ƙamshinsa. Ana kiransa ciwon Frey, da sunan Dokta Lusiya Frey, likitar jijiyoyi 'yar ƙasar Polan da ta yi bayaninsa a 1923. A gaban kunne akwai jakar da ke samar da yawu, ita ce ke kumbura idan yaro ya kamu da hangum. Idan aka yi tiyata a wurin, ko aka ji rauni, ko ƙurji ya ci wurin, jijiyar da ke ba da umarnin fitar da yawu kan yanke. Wajen sake tsirowa sai ta yi ɓatan kai ta haɗu da hanyoyin gumi na fata. Daga nan duk lokacin da ya kamata yawu ya zubo sai gumi ya fito a kunci. Yakan bayyana watanni bayan tiyatar. Ba ya taɓa jariri a ciki. Akwai man shafawa da allurar da ake yi a fatar wurin, amma akan jinkirta su sai bayan haihuwa.

Jarirai ma kan yi shi, musamman waɗanda aka ciro da ƙarfen taimakon haihuwa. Iyaye kan lura lokacin da aka fara ba su abinci a wata na shida: kunci ɗaya ya yi ja na ɗan lokaci ya koma, ba ƙaiƙayi ba kumburi. A kawo shi a duba don kada a hana shi abinci a banza da sunan bai karɓe shi ba.

Bayan haihuwa

Maijego takan yi gumi sosai a makonnin farko, musamman da dare, domin jiki na fitar da ruwan da ya tara. Ga farfesu mai yaji da kunu mai zafi da ruwan wanka, dole gumi ya ƙaru. Abin da muke ja wa iyaye mata kunne a kai shi ne kunun kanwa. Binciken da likitoci suka yi a Zariya a shekarun 1970 ya nuna yawan ciwon zuciya ga masu jego a inda ake shan kanwa da yawa da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta. Ba su kaɗai ne sanadi ba, amma gishirin kanwa yana tara ruwa a jiki ya ƙara wa zuciya nauyi. Maijegon da ke gumi tare da haki, kumburin ƙafa, tari, ko ba ta iya kwanciya sai ta jingina, asibiti za a kai ta a ranar.

Haka kuma jaririn da goshinsa ke jiƙewa da gumi duk lokacin shan nono, yana haki, yana sakin nono don gajiya, kuma ba ya ƙara nauyi, a kawo shi a duba zuciyarsa. Ɗan gumin da jariri mai ƙoshin lafiya ke yi don zafin gari da ɗumin jikin uwa ba shi muke nufi ba.

Abin da za ki yi a gida

Ki raba abincinki kashi biyar ko shida ƙanana maimakon cika ciki sau biyu. Ki bar abinci ya ɗan huce. Ki rage attarugu, wannan zai rage miki ƙwannafi ma. Idan za ki sha abu mai zaƙi ki haɗa shi da wake, gyaɗa, ƙwai ko nono, kuma kada ki tsallake karin kumallo. Ki sha ruwa kofi 8 zuwa 12 a rana, idan fitsarinki ya yi duhu ruwan bai isa ba. Ki sa tufafin auduga marasa matsewa, ki ci abinci a inda iska ke shiga. Na mako ɗaya ki riƙa rubuta abin da kika ci, lokacin da gumin ya zo da abin da kika ji tare da shi, ko ki sa a rubuta miki, ki zo mana da takardar ranar awo. Kada ki sha jiƙo ko ƙwayar kemis da sunan maganin zufa ko maganin zaƙi.

Alamun da ba a jiran ranar awo

Ki zo asibiti nan take idan gumi ya zo da ɗaya daga cikin waɗannan: suma ko ruɗewa, ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama, kumburin leɓe ko harshe da borin jini bayan cin wani abinci kamar gyaɗa, kifi ko ƙwai, zazzaɓi da rawar ɗari, domin zazzaɓin cizon sauro ba a wasa da shi ga mai ciki, zubar jini ko ciwon mara mai tsanani, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko raguwar motsin jariri. Gumin dare da tarin da ya kai mako biyu da rama kuma yana buƙatar gwajin tarin fuka.

Idan kin zo awo, ki faɗa mana ko da kina ganin abin ƙarami ne. Gwajin suga na yatsa ba ya ɗaukar minti biyar. Maigida kuma ya taimaka da rakiya da kuɗin gwaji, kada a bari sai abu ya yi nisa. Allah ya raba lafiya.