Takalmi a Ƙofar Zaure, Kube a Cikin Akwati

A Indabo, kamar sauran garuruwan ƙasar Wudil, yaron da aka aika gidan mai unguwa ba sai ya leƙa zaure ba kafin ya san waɗanda ke ciki. Takalman da ke bakin ƙofa sun riga sun gaya masa. Wancan sau-cikin da dunduniyarsa ta cinye ta gefe guda na liman ne, don tun da ya yi targaɗe yake taka ƙafar a karkace. Wannan faɗen da babban yatsa ya yi wa rami na sarkin noma ne. Ranar da aka sayo su ba su da bambanci da sauran 'yan'uwansu na kan tebur, amma shekara biyu a ƙafar mutum ta mayar da kowanne na mai shi. Halin fata ke nan. Abin da ya daɗe yana danna ta, siffarsa take ɗauka, kuma ba ta sakewa ko mai abin ya bar duniya.

Da irin idon wannan yaron ya kamata a dubi tsohon kuben ƙaramar bindiga. A gidajen tsofaffin sojoji akan samu akwatin ƙarfe da lambobin yabo a ciki, da takardar sallama, da hoton da ya koɗe, wani lokaci kuma har da kuben fata wanda ba komai a cikinsa. Bindigar ta daɗe da tafiya. Sai jikoki su zauna suna gardama, kuma kusan kullum maganar takan tsaya a kan "ai ta Jamus ce, Baba Tsoho ya ƙwato." Ba na son a yi wa tsoho ƙari, ko da ƙarin na yabo ne, alhali ga shaida a hannu wadda za ta faɗi abin da ya faru.

Hanyoyin da kube zai bi ya iso ƙasar Kano suna da yawa. Sojojin Najeriya sun yi yaƙi da Jamus a Kamaru daga 1914, Garwa ta faɗi a 1915, Mora ta miƙa wuya a 1916. A 1941 sun kori Italiya daga Mogadishu suka kutsa Habasha. Daga nan sai Bama, inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka gwabza da Japan har 1945. Bayan samun mulki aka tafi Kwango, abin da ya bar wa Kano sunan Barikin Bukavu. Sai dai a zamanin Turawa doguwar bindiga da adda ne rabon ƙaramin soja. Ƙaramar bindiga galibi ta hafsa ce, hafsoshin kuwa Turawa ne. Saboda haka kuben da ya zo gida yakan zama ganima, ko kyautar hafsa ga yaronsa ranar rabuwa. Wanne ne daga ciki, fatar za ta taimaka a gane.

A fara da ciki, a bar waje tukuna. A buɗe murfin, a haska fitilar waya, a zura yatsu biyu a hankali. Tambayar farko ita ce: akwai kumburi a tsakiya ko babu? Libarba tana da ganga mai juyawa da harsashi shida, kuma gangar nan takan tura fata waje ta ɓangarori biyu har ta yi tulu, cikin wurin ya yi baƙi ya yi santsi saboda mai da gogayya. In kuben kuwa a shafe yake, bangonsa biyu a miƙe, to mai cin harsashi ta cikin mariƙi ce ta zauna a ciki. Wannan kaɗai ya raba gardama gida biyu, kamar yadda ba a rikita takalmin mai faɗin ƙafa da na mai siririya.

In libarba ce, sai awo. A samo siririn kara, a zura shi ya bi ta gaban kuben daga inda kumburin ya ƙare, a ji inda ɗan tsinin saiti na bakin bindiga ya tsaga layi a fatar ya tsaya, a sa farce, a fito da karan a auna. Webley ta Ingila samfuri na huɗu, wadda aka fara raba wa soja a 1899, bututunta inci 4 ne, kuma ita ce ta zamanin da Kanar Morland ya ci Kano a Fabrairun 1903. Samfuri na shida, na 1915, inci 6 ne, ga kauri ga nauyi, ta haura kilo guda. Enfield mai lamba biyu da ta gaje ta a 1932 inci 5 ce, gangarta kuma ta fi ƙanƙanta. Akwai wata alamar da nake jin daɗin samu: Webley tana da 'yan fukafukai biyu a gaban gangarta, an yi su ne musamman don kada ta sarƙe wajen shiga kube, saboda haka kumburinta yakan sauka a hankali, ba ya yankewa kwatsam.

In kuma shafaffe ne, kowace ƙasa da salonta. Kuben Luger ta Jamus, wadda sojansu suka ɗauka a 1908, tauri gare shi, samansa faɗi ƙasansa tsini, da aljihun gidan harsashi a gefensa, da wani ɗan mitsitsin aljihu a cikin murfi na ƙarfen ɗura harsashi. A ciki za a ga tabo biyu zagayayyu daga sama, inda ƙulullukan bayanta suka kwanta. In babu waɗannan, a daina kiran Luger. Na Beretta ta Italiya, ta 1934, ƙarami ne, sau da yawa fatar an rina ta launin toka mai ratsin kore, aljihun gidan harsashin a fuskarsa. Na Nambu ta Japan murfinsa babba ne mai tauri, ya rufe har da aljihun harsasai. Browning ta Beljiyam, ta 1935, mai cin harsashi 13, takan bar wuri mai kauri a sama saboda mariƙinta.

Sai bayan wannan a juya baya a nemi hatimi: sunan kamfani, shekara, ko layuka uku da suka haɗu kamar kan kibiya, alamar kayan gwamnatin Ingila. Hatimi yana da amfani, amma abin da yake faɗa shi ne bindigar da aka ɗinka kuben dominta. Wadda ta zauna a ciki shekara da shekaru, wannan sai fata. Masu gyaran takalma a kasuwar Wudil ran Juma'a sun san wannan sarai. Mutum zai miƙa takalmi a ɗinke masa, mai gyara ya shafa cikinsa da babban yatsa ya ce, "Alhaji, wannan ba kai ka fara sa shi ba." Ya ji rami biyu ne, na mai shi na fari da na magaji. Kube ma haka. Wanda aka yi wa bindiga mai inci 6 aka riƙa sa masa mai inci 4, layin saitin zai tsaya bai kai ƙasa ba, kamar yatsun yaro a takalmin babansa. In layi biyu aka gani, dogo da gajere, bindiga biyu ce ta yi zamani a ciki.

Wajibi ne kuma a san inda shaidar take tsayawa. A yaƙin duniya na farko Ingila ta sayi libarba daga kamfanonin Colt da Smith & Wesson na Amurka masu cin harsashin Webley, kube ɗaya yana ɗaukarsu duka. Kuma daga 1937 sojan Ingila suka koma ga kuben saƙaƙƙen zare mai kauri, wanda ba ya riƙe tabo kamar fata. Don haka sau da yawa abin da za a iya cewa shi ne "babbar libarba ce ta Ingila mai inci 6," a tsaya nan. Wannan ma ba ƙaramin sani ba ne, ya fi sunan da aka ƙaƙaba don daɗin baki.

Waɗanda suka fi burge ni su ne kubban da ba su da hatimi ko kaɗan. Fatar shanu ce a ciki don ƙarfi, an lulluɓe ta da jar fatar akuya wadda majema suka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi, ɗinkin kuma na basilla ne, tazararsa ba daidai take ba kamar ta keke. Aikin dukawanmu ne, irin waɗanda suka gaji yi wa takobi da wuƙa kube. Baduku ba ya aiki da lamba. Abin ake kawo masa ya jiƙa fata ya naɗe a jikinsa ta bushe a haka, shi ya sa irin wannan kuben ya fi na kamfani faɗin gaskiya: har zoben da ke kare kunama yakan fito a jikinsa ƙarara.

Abu biyu nake roƙon masu irin wannan gado. Kada a je neman bindiga don a gwada. Dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin waɗanda ba a riƙewa sai da lasisin shugaban ƙasa, ga shi kuma tsohuwar fata ta sha rani da hunturu ta tsuke, tura mata ƙarfe zai farke ɗinki ya goge tabon da ake nema. A yanka kwali daidai awon bindigar da ake zato, a gwada da shi. Na biyu, kada a jiƙa shi da man gyaɗa ko a wanke shi don ya yi kyau. A kakkaɓe ƙura da busasshen tsumma, a cusa masa takarda kaɗan don kada ya lotse, a rubuta awon da aka samu tare da lambar soja da rundunar da ke cikin takardar sallamar tsohon. Wanda ke son ƙarin ido sai ya kai wa ma'aikatan Gidan Makama a Kano, ko wani tsohon ɗan sanda da ya taɓa riƙe ɗakin makamai, su duba tare.