Baƙin Ƙwaron da Ke Huda Dirkar Rumfa

A ƙauyukan da ke tsakanin Ɗambatta da Bichi da wuya a samu gidan da bai san wannan ƙwaro ba. Baƙi ne wuluk, kaurinsa kamar babban yatsa, wani da rawaya a doro, kuma tun kafin a gan shi ake jin ruguginsa. Alamar ya sauka a gida ita ce garin itace zube a gindin dirkar rumfa ko a ƙarƙashin rumbu. Da an ɗaga kai sai a ga rami zagayayye tas, faɗinsa santimita 1 da 'yan kai.

Dangin ƙudan zuma ne. Masana suna kiransa Xylocopa, kuma akwai irinsa kusan 500 a duniya. Sai dai ba shi da sarauniya, ba ya shiga amya, ba ya tara zumar da mutum zai sha. Mace ɗaya ce ke yin komai. Da muƙamuƙinta take gaigayar busasshen itace, ba don ta ci ba, don ta yi ɗaki. Takan shiga kaɗan, sannan ta karya kwana ta bi tsawon itacen. A can ƙurya take cura garin fure da ruwansa mai zaƙi, ta ɗora ƙwai ɗaya a kai, ta toshe da garin itacen da ta tauna, ta soma wani ɗakin a gabansa. Ƙwan nata yakan kai santimita 1 da rabi, yana cikin mafi girma a duk ƙwari. Tsutsa tana ƙyanƙyashewa ta tarar da abincinta a ajiye.

Wanda ke shawagi a fuskar mutum har yara su watse, galibi namiji ne mai tsaron wurinsa, kuma ba shi da ƙari. Macen ce ke harbi, ita ma sai an damƙe ta.

Me ya kawo ta cikin gida? Wannan yanki ne da gona ke manne da gona, wanda masani Michael Mortimore ya soma nazarinsa tun shekarun 1960. Gawo da ɗorawa da tsamiya suna nan tsaye a gonaki, kowace da mai ita, amma reshe ba ya bushewa ya daɗe bai shiga murhu ba. Busasshen itacen da ya rage shi ne wanda aka kafa a gida, shi ya sa take bin sa.

Ɓarnarta gaskiya ce, domin dirkar da aka yi shekaru ana huda ta takan yi rauni. Amma wanda ya duba ramin kawai ya ƙware ta. Furen tumatir da na gauta ba sa sakin garinsu sosai sai an girgiza su. Ita takan rungume furen ta kaɗa jikinta har garin ya zubo, abin da ƙudan zuman amya ba ya iyawa, kuma masu noman rani a Watari da Tomas suna cin moriyar hakan ko ba su lura ba. Furen wake ma, ko da yake yakan yi wa kansa barbara, nauyinta yana buɗe shi ta kwashi gari zuwa wata gonar. A wani bincike da aka wallafa a 2008, masani Rémy Pasquet da abokan aikinsa suka liƙa wa irin waɗannan ƙwari 'yan na'urori a Kenya, suka gano suna kaiwa furen wake mai nisan kilomita 6 daga raminsu.

Babban haɗarin da take fuskanta a nan shi ne feshi. Furen wake da sassafe yake buɗewa, kafin rana ta take ya rufe, kuma a daidai lokacin ne manomi da yawa ke goya tanki ya shiga gona saboda tsutsar da ke huda kwanso. Feshin yamma yana rage asarar ƙwarai. Haka ma irin wake SAMPEA 20-T, wanda cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta fitar a 2019 don a rage yawan feshi.

A Barazil masu noman wasu 'ya'yan itatuwa har busassun kututture suke jerawa a gona don ta samu wurin zama. Magidanci a Makoɗa ko Kunchi zai iya yin hakan da kututture ɗaya a bakin shinge, ya kuma shafa wa dirkarsa fenti, tunda ta fi son itacen da ba a shafa wa komai ba.