Cinikin irin albasa: taya da janyewa

A Madawa, Buza da Keita, in damina ta wuce, manoma suna neman irin albasa ɗan Galmi. Yanzu har ta salula ake tayawa. In mai iri ya ce albarka, babu ciniki, mai saye yana iya janyewa. In ya ce ya sallama, ciniki ya ƙullu ko ba a tashi daga wurin ba, haka yake ga Malikiyya. Wanda ya janye bayan sallama ya cuci mai iri, don ya riga ya kori sauran masu saye, irin albasa kuwa in ya shekara ba ya tsira sosai. Sai mai saye ya roƙe shi gaban dillali. In ya yarda a warware, in ya ƙi a biya.