Jami'o'in karkara: Yadda ƙarin girman malamai ke shafar digirin ɗalibi

Kusan kowace shekara jami'o'in tarayya kan fitar da sanarwa iri guda, cewa Majalisar Gudanarwa ta amince da ƙara wa wasu malamai girma zuwa matsayin farfesa, wasu kuma zuwa mataimakin farfesa. A tsofaffin jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya ko Bayero ta Kano, labarin yakan tsaya ne tsakanin malaman da iyalansu da masu taya murna. A ƙaramar jami'ar da ke karkara kuwa, sunaye biyu ko uku a wannan jeri suna iya zama dalilin da wani sashe zai ci gaba da ɗaukar ɗalibai, ko a dakatar da shi.

Jami'ar Tarayya ta Kashere, da ke ƙaramar hukumar Akko a Jihar Gombe, misali ce mai kyau. Tana cikin jami'o'i tara da gwamnatin Goodluck Jonathan ta kafa a 2011, tare da na Dutse, Dutsin-Ma, Wukari, Lafiya, Lokoja, Oye-Ekiti, Otuoke da Ndufu-Alike. A 2013 aka ƙara na Gashuwa, Gusau da Birnin Kebbi. Manufar ita ce kowace jiha ta samu jami'ar tarayya, kuma da dama daga cikinsu an kai su ƙananan garuruwa ne, nesa da fadar jiha. Gine-gine sun tashi, musamman da kuɗin Asusun Tallafa wa Manyan Makarantu, TETFund. Sai dai ana iya kammala ɗakin lacca cikin shekara ɗaya ko biyu, amma kafin matashin malami ya zama farfesa sai ya shafe shekara goma sha wani abu yana koyarwa da bincike.

A nan ne batun ya haɗu da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC. Hukumar ba jami'a ɗungurungum kaɗai take dubawa ba. Kowane kwas tana tantance shi daban, ta hanyar tura tawagar manyan malamai daga wasu jami'o'i su duba manhaja, malamai, ɗakunan karatu da na gwaje-gwaje, da littattafai. Sakamakon kashi uku ne. Kwas ɗin da ya ci maki 70 cikin 100 zuwa sama, kuma ya kai wannan mizani a muhimman ɓangarorin, yana samun cikakkiyar amincewa ta shekara biyar. Wanda ya gaza haka kaɗan yana samun ta wucin gadi, shekara biyu, domin ya gyara. Wanda ya faɗi ƙasa da 60 kuwa an hana shi, kuma dole jami'a ta daina ɗaukar sababbin ɗalibai a cikinsa har sai an sake zuwa an duba.

Ɓangaren malamai na daga cikin masu nauyi a wannan awo, kuma ba yawan kawuna kaɗai ake ƙirgawa ba. Tsarin da hukumar ta daɗe tana aiki da shi shi ne kashi 20 cikin 100 na malaman sashe su kasance farfesoshi da mataimakansu, kashi 35 manyan malamai, sauran kashi 45 kuma ƙananan malamai. Ma'ana, sashe mai malamai 20 yana buƙatar huɗu a rukunin farko, bakwai a na biyu, tara a na uku. Rukunin ƙarshe ba ya wahalar cikawa, domin masu digiri na biyu da ke neman aiki suna da yawa. Huɗun nan na sama su ne matsalar. Farfesan da ya kafu a Zariya ko Maiduguri, da gidansa da makarantar 'ya'yansa da asibitin koyarwa a kusa, da wuya ya tattara ya koma garin da ruwan famfo da wutar lantarki da gidan haya mai kyau duk sai an yi fama.

Saboda haka dole jami'ar karkara ta reni nata farfesoshin, kuma matakan a jere suke: mataimakin malami, malami na biyu, malami na ɗaya, babban malami, mataimakin farfesa, sannan farfesa. A akasarin jami'o'i sai mutum ya yi aƙalla shekara uku a mataki kafin a duba shi don na gaba, kuma ba a kai wa matsayin babban malami ba tare da digirin digirgir ba. Matakai biyu na ƙarshe ba a cikin gida ake yanke su ba. Ana tattara maƙalu da littattafan malamin a aika a asirce ga farfesoshi na wasu jami'o'i, galibi uku, kuma sai biyu sun ce ya cancanta kafin maganar ta je gaban Majalisar Gudanarwa. Wani mai dubawar yakan riƙe takardu watanni da dama. Shi ya sa mai karatu zai ga sanarwar ta fito a bana, amma an rubuta cewa ƙarin girman ya fara aiki daga 1 ga Oktoban bara ko bara waccan.

Kafin na gida su girma, ana cike giɓin da malamai masu ziyara, waɗanda ke zuwa daga wasu jami'o'i su koyar na 'yan kwanaki su koma, da kuma masu hutun shekara guda na bincike. Tsari ne halattacce, ko da yake an daɗe ana zargin wasu jami'o'i da aron malamai don ranar tantancewa kawai, tawaga na juya baya su ma su kama hanya. Lokacin da aka shigar da jami'o'in tarayya tsarin biyan albashi na bai-ɗaya, IPPIS, a 2020, ɗaya daga cikin manyan ƙorafe-ƙorafen Ƙungiyar Malaman Jami'o'i, ASUU, shi ne tsarin bai yi tanadin biyan irin waɗannan malamai ba. Sababbin jami'o'i ne suka fi jin jiki, tun da su suka fi dogara da baƙin. Batun yana cikin abubuwan da suka haifar da yajin aikin watanni takwas na 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, kuma sai a Disamban 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a cire manyan makarantu daga tsarin.

Ita kanta Majalisar Gudanarwar da ake ambata a farkon kowace sanarwa ba ado ba ce. Ita ke naɗa shugaban jami'a na wa'adi ɗaya na shekara biyar, da magatakarda da ma'aji da shugaban ɗakin karatu, ita ce kuma ke tabbatar da ƙarin girman manyan ma'aikata. A Yunin 2023 Gwamnatin Tarayya ta rushe waɗannan majalisu, kuma ba a rantsar da sababbi ba sai a Yulin 2024. Kusan shekara guda ke nan babu hukumar da doka ta ɗora wa wannan aiki, abin da ASUU ta yi ta kokawa a kai. A Kashere, Farfesa Mohammed Kabiru Farouk ne shugaba na farko, Farfesa Alhassan Gani ya gaje shi a 2016, sannan Farfesa Umaru Pate ya karɓa a 2021. Pate, masanin aikin jarida, daga Jami'ar Bayero ya zo, wato har kujerar shugabanci a lokacin sai da aka ɗauko mai ita daga tsohuwar jami'a.

Sanarwar ritaya ma tana da nata lissafin. Dokar 2012 ta kai shekarun ritayar farfesa zuwa 70, sauran ma'aikatan jami'a kuma 65. A sashen da farfesa ɗaya tak yake da shi, ranar da ya cika 70 abin damuwa ne ga duk ɗalibin da yake duba wa kundin digiri na biyu ko na uku.

Sauran labaran harabar, irin su gasar wasanni, makon al'adu na ƙungiyoyin ɗalibai da ziyarar ban girma, suna da daɗin karantawa amma ba su canza komai a takardar shaida. Biyu ne suka bambanta. Na farko bikin rantsar da sababbin ɗalibai, domin duk wanda gurbinsa bai bi ta manhajar CAPS ta Hukumar JAMB ba, wadda aka fara aiki da ita a 2017, sunansa ba zai shiga jerin hukumar ba, kuma zai gamu da cikas ranar da ya zo tafiya yi wa ƙasa hidima. Na biyu zaman Majalisar Dattawan jami'a, wadda ke amincewa da sakamakon jarrabawa. Sai da amincewarta ake aika sunayen waɗanda suka kammala zuwa Hukumar NYSC.

Ga uban da ke shirin biyan kuɗin rajista, tambayar da ta fi amfani ita ce matsayin kwas ɗin da ɗansa ya samu: cikakkiyar amincewa ce ko ta wucin gadi, kuma a wace shekara aka ba da ita. Jami'o'i kan sanar da sakamakon idan ya fito, ofishin tsara harkokin karatu na kowace jami'a kuma yana riƙe da wasiƙar NUC. Kwas ɗin da ya samu ta wucin gadi a bara, tawaga za ta dawo kansa tun ɗalibin bai kai aji uku ba.