Gidan Da Ya San Halin Mai Shi

Akwai waɗansu na'urori na zamani da ake sawa a gida waɗanda ba sa jiran a kunna su. Da kansu suke lura da abin da ke gudana, sa'an nan su yi abin da ya dace. Kowace tana da abin ji ko gani, da 'yar ƙaramar kwamfuta mai riƙe abin da ta lura da shi.

A shekarar 2011 wani mutumin Amurka, Tony Fadell, da abokan aikinsa suka fito da Nest, watau na'urar daidaita zafi da sanyin ɗaki. Cikin kamar mako guda sai ta koyi lokacin da mai gida yake tashi, da lokacin fitarsa, da irin sanyin da yake so in zai kwanta. In ta ga babu motsi a gida, sai ta rage aiki don kada a yi asarar wuta.

To, mu a cikin Birnin Kano ƙannenta ne suka fara zuwa mana. Ku dubi fitilar sola da ake maƙalawa a ƙofar gida a lungunan Yakasai ko Mandawari. Da rana ta tara hasken rana, da magariba ta kama da kanta, in mutum ya gifta ta ƙara haske, in ya wuce ta dushe. Ba ta san sunan kowa ba, amma ta san halin garinmu, inda wuta kan zo ta tafi. A ganina ta fi Nest amfani a nan. Ai ko ginin ƙasa irin na Gidan Makama, kaurin bangonsa kan tsare zafin watan Afrilu da rana, ba tare da ko waya ɗaya ba.

Amma fa akwai wadda ta kamata iyaye su yi tunani kafin su shigo da ita. Ita ce Echo ta kamfanin Amazon, wadda ta fito a 2014. Ana yi mata magana ta amsa, ta kunna fitila ko ta faɗi lokaci. Kunnenta kullum a buɗe yake tana jiran a kira ta, kuma abin da aka faɗa mata ta intanet yake tafiya wurin kamfanin. A 2019 aka bayyana cewa ma'aikata kan saurari waɗansu daga cikin muryoyin nan, wai don a gyara aikinta.

Mu kuwa gidanmu da zaure aka gina shi. Baƙo namiji a nan yake tsayawa ya yi sallama, a aiki yaro ciki. Ita wannan ba ta tsayawa a zaure. A ɗakin Inna ake ajiye ta, kusa da gado, inda ake zancen aure da bashi da rashin lafiya.