Babur Ya Dawo Daga Wurin Bakanike Da Sabon Kuka

Ran kasuwar da ta wuce wani manomi ya tare ni a bakin rumfar masu taki, ransa a ɓace. Ya ce, "Malam, don Allah ka saurara mini wannan abu. Na kai babur lafiya lau an yi masa juye, na biya kuɗina, ga shi ya dawo yana ƙas-ƙas-ƙas kamar keken ɗinki." Na sa ya tayar, na kasa kunne, sa'an nan na ce ya kwantar da hankalinsa, bakanikensa bai cuce shi ba.

Kada wani ya ce me ya kawo zancen babur a filin manoma. Ai yau babur shi ne jakin manomi. Shi ke kai taki gona, shi ke fito da buhu kasuwa, shi ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare.

To, ƙas-ƙas ɗin nan da ke fitowa daga kan inji, kukan tafet ne. A saman injin akwai bawul biyu, ɗaya na shigar da mai da iska, ɗaya na fitar da hayaƙi. Tsakanin kowane bawul da ƙarfen da ke danna shi ana barin 'yar tazara, wadda a galibin ƙananan baburanmu, irin su Bajaj, ba ta wuce kaurin takarda ba. Dalili kuwa, ƙarfe yana miƙewa in ya ɗauki zafi. In babur ya daɗe yana aiki, sau da yawa tazarar nan takan matse, inji ya yi shiru, mai shi ya saba da shirun. Ran da bakanike ya mayar da ita daidai, sai ɗan kukan ya komo, mai babur ya zaci ɓarna aka yi masa.

A nan ne mutanenmu ke cutar kansu. Na san wani a ƙauyen da na fara aiki, wanda ya tsaya a kan bakanike ya ce shi dai a ɗaure har sai kukan ya ɗauke. Aka yi masa yadda ya so. Bawul ya daina rufewa sosai, wuta ta riƙa lasar bakinsa. Ba a jima ba babur ya fara gardamar tashi, ƙarfinsa ya ragu, daga baya bawul ya ƙone, aka kwance kan inji ana tsakiyar cirar gyaɗa. Ni dai a ganina, gwamma tafet mai ɗan surutu da wanda ya yi tsit. Amma fa in kukan ya yi yawa har ana jin sa daga nesa, tazarar ta wuce kima, sai a koma a gyara. A kuma lura, ba a auna tafet sai inji ya huce sarai. Bakaniken da ya kama aunawa da isowarka, inji da zafi, ka ce ya dakata.

Sai sarƙa. In ka ji wani gunji yana tashi daga baya, yana ƙaruwa da gudun babur, watau an ja ta da yawa. Ka danna tsakiyarta da yatsa, ya kamata ta yi wasa sama da ƙasa misalin inci guda. Ka gwada kuma bayan an hau, gama kaya suna ƙara tamke ta, mu kuwa ba ma jin kunyar aza buhu biyu na masara. Sarƙar da ta tamke tana cin haƙoran da take hawa, har ta kai ga lalata boris na giya. In kuwa ta yi sako-sako, za ka ji tana dukan murfinta a hanyar gargada.

Akwai waɗanda ba su da komi. Ƙis-ƙis ɗin da salansa ke yi bayan ka kashe inji, ƙarfe ne ke hucewa. Sabon birki yakan yi ɗan ƙara na 'yan kwanaki kafin ya zauna. Kwaramniya kamar ta gwangwani kuwa, galibi noti ne yaron shago ya manta bai ɗaure ba. Ka bi da sifana.

Wanda ba a wasa da shi, shi ne bugu mai nauyi daga cikin injin can ƙasa, ƙwal-ƙwal, kamar ana dukan turmi da guduma. In ka ji shi bayan juye, kashe inji nan take, ko da a tsakiyar daji kake. Ka tsayar da babur daidai, ka zare ma'aunin baƙin mai ka duba, ka leƙa ƙasa ko notin juye yana ɗiga. Irin waɗannan babura abin da suke ɗauka misalin lita guda ne kurum, saboda haka ɗan yoyo ya isa ya bar inji a bushe. Tura babur mil biyu da wuya, amma ya fi sayen fistin da karanshaf sauƙi.

Ga wata dabara ta gane inda kuka yake. Ka sami dogon sukundireba, ka ɗora bakinsa a jikin injin, ka kara ƙotarsa a kunne, kana sauya wuri, kana kiyaye rigarka da sarƙa da salansa. Inda ƙaran ya fi ƙarfi, nan ciwon yake. Sa'an nan ka lura, da inji yake tafiya ko da taya? In babur na tsaye ka murɗa mai kukan ya ƙaru, na inji ne. In ba ya fitowa sai ana tafiya, nemi sarƙa, ko birki, ko boris na taya.

Manomin nan dai na ce masa nan gaba kada ya bar bakin shago sai ya tayar da babur, ya zaga da shi, ya tambayi bakanike abin da ya taɓa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce to, ya ɗaure buhun takinsa ya kama hanya.